Kyanwar da ke Amsa Sallama

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa faɗin sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa wani yaro, "Kira mini waccan." Da na yi aure na haihu sai na samu ƙarin girma, na koma "uwar yarinyar nan". Ba ta zama hira da ni, in na gaishe ta sai ta amsa tana duban gefe. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi a Kazaure, haka kuma ta riƙe.

Tun da aka yaye ni aka kai ni gidan kakata a wata unguwa, can na girma. Abin da na fi tunawa game da Inna a yarintata shi ne aron rariya. Kusan kullum tana gidan kakata aron rariyar tankaɗe, da yamma kuma ta dawo da ita. Kakata ta yi ta mita, wai wace irin mace ce wannan da ba ta iya mallakar rariya ba. Ga rariyar tamu da yawan ɓata, sai an ɗaga tabarma an leƙa bayan randa kafin a gan ta, Inna kuwa tana tsaye a tsakar gida tana jira. Ban taɓa jin rashin hirarta ya dame ni ba a lokacin, domin gidan cike yake da bakuna, in wannan ba ta yi mini magana ba waccan za ta yi har ta ishe ni.

Sai ga shi bayan shekaru Allah ya haɗa ni da ita a gida mai ɗakin kwana biyu, can saman wani dogon bene a yammacin birnin Alexandria da ke jihar Virginia.

Bayan rasuwar mahaifinmu, da ta fita takaba, muka ɗauko ta saboda ciwon ƙoda da ya fara taɓa ta. Ƙannena maza aiki ya watsa su, ɗaya Legas ɗaya Fatakwal, gidan Kazaure ba kowa sai 'yan haya. Likita ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in ta zauna ana bin ta da magani ana duba jininta a kai a kai, za ta daɗe da ƙodarta. In kuwa ta katse ta koma inda babu mai lura da ita, abin ba zai yi kyau ba. Na fassara mata tana kallon takalminta. Ta ce, "Allah ya sa mu dace."

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, a gidan nan namu babu mutum ɗaya da Inna za ta iya sakin baki ta yi hira da shi. Ni 'yar fari. Maigidana suruki, wanda ko ruwa ba za ta sha a gabansa ba. Yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo, ya fita da sassafe, ya dawo da rana ya kwanta, kuma yana yin sallama Inna za ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Saura 'yarmu, wadda ita ce ya kamata ta zama abokiyar wasanta kamar yadda kaka da jika suke. Inna ta zo da tsokanarta a shirye. Ta ce mata raguwa wadda ba ta san taɓarya ba, ta ce mata mai ƙafa kamar sillen kara. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma amsa sai da Turanci, cikin ladabi kuma, wani lokaci har da ba da haƙuri. Wasan jika in babu ramuwa ai ba wasa ba ne. Inna ta gwada, ta sake gwadawa, ta haƙura.

Waje ma haka. Inna ba ta shiga wuri ba sallama, ko da lif ne. Ƙofa ta buɗe, ta ce "Salamu alaikum", mutanen ciki da katunan aiki rataye a wuya su ɗaga kai su kafa wa lambobin hawa ido. Ta yi sallama a ɗakin likita, ta yi a kantin cefane, ta yi a ɗakin injinan wanki na ƙasa. Da farko har kunya take ba ni. Daga baya sai abin ya koma ba ni sha'awa, domin ni shekarata ta farko a ƙasar nan na koyi shiga wuri kamar ɓarauniya, ita kuwa wata da watanni ba a amsa mata ba, amma ba ta fasa ba.

Wata rana na dawo daga kantin maganin da nake aiki, na tarar da jakarta a bakin ƙofar ɗakinta. Babbar jakar nan ce mai zane gida-gida, an cika ta an ɗaure da igiya. Tikitinta na komawa saura 'yan watanni, mu kuwa niyyarmu mu yi ta ɗaga shi tunda takardun zamanta ba su da matsala. Jakar nan ita ce amsarta. Kullum sai na tsallake ta in zan miƙa mata abinci, na kuma san in ta hau jirgin nan ba lallai in sake ganinta ba.

Maƙwabciyarmu ce ta kawo maganar kyanwa. Wata Hajiya ce 'yar Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, mace mai jiki da dariya, wadda in ta samu hutun ƙarshen mako takan leƙo ta gaida Inna. Ta tare ni a bakin lif da irin Hausarsu ta Kumasi.

"Ƙanwana, Maama ba ciwo ke damunshi ba. Kewa ne, kewa paa. Na ga irinshi da yawa wurin aiki. Ka samo mishi kyanwa."

Na yi dariya har na riƙe bango. Na ce, "Haba Hajiya, kyanwa? A garinmu kyanwa ita ke samo mutane. Ta hauro katanga, ta kama ɓeranta, ta lashe kwanon da aka manta, in ta ga dama ta haihu a rumbu. Wa ya taɓa ba wani kyanwa don ya ji daɗi?"

Ta ce in bar dariya in saurara. Wata tsohuwar Baturiya da take kula da ita a garin Greenbelt za a mayar da ita gidan tsofaffi, kuma can ba a shiga da dabba. Tana da kyanwa biyu, duk masu asali. 'Yarta da ke garin Manassas za ta ɗauki ɗaya, ana neman gida mai amana ga ɗayar, kuma an ba mu zaɓi. Dokar benenmu ta yarda da kyanwa ɗaya tak.

Ni kuwa ko tukunya ba na saye sai na karanta labarinta. Na zauna gaban kwamfuta na yi bincike kamar za a ba da aure. Ɗaya irin Farisa ce, fara sol, gashi buzu-buzu har ƙasa, fuska a shafe kamar ta yi karo da ƙofa. Aka ce ba ta hawa labule, ba ta kuka, inda ka ajiye ta nan za ka tarar da ita. Wahalarta guda: kullum sai an taje ta, an goge mata ido. Ɗayar irin Siyam ce, siririya mai gajeren gashi, jiki ruwan madara, amma fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya baƙi, kamar ta yi wasa da gindin tukunya. Idanu shuɗɗa. Aka ce wannan ba ta zaman kaɗaici, tana bin mutum ɗaki-ɗaki, kuma muryarta kamar jariri mai ciwon ciki.

Ai ban ga abin shawara ba. Maigida da rana yake barci. Bangon gidan ga shi kamar takarda, maƙwabcinmu na hagu ko yaji nake dakawa sai ya ƙwanƙwasa, har na koma ɗora turmi a kan tawul. Ga kuma shuɗɗan idanun nan, waɗanda na tabbata Inna na gani za ta fara neman tsari. Bayan duk wannan, mu mutane ne masu yabon natsuwa. In za mu yabi yarinya sai mu ce ba ka jin bakinta. Na ce tsohuwa mai shiru, sai dabba mai shiru. Farar nan kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, ita ce daidai da gidanmu.

Inna kuwa ba a gaya mata don ita ake yi ba, don da ta ce ita ba yarinya ba ce. Cewa aka yi jikarta ce ta matsa.

Ranar Asabar muka tafi, ni a sitiyari, Hajiya a gefena, Inna da jikarta a baya. Muka sha cunkoson babban titin Beltway, muka isa wasu gajerun gidaje a cikin itatuwa. Gidan tsohuwar a ƙasa yake, falon cike da kwalaye an lilliƙe su. Ita kuma tana kan keken marasa lafiya a bakin taga, bargo a gwiwa. Inna ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum.

"Salamu alaikum."

Daga bayan kwalaye wata murya ta amsa, doguwa, mai kauri, har da lanƙwasa a ƙarshe. Sai ga mai baƙar fuskar ta fito, wutsiya a sama, ta zo ta zauna a gaban Inna ta kafa mata shuɗɗan idanun nan. Na jira in ji a'uziyya. Inna ta dube ta, ta gyara mayafi.

"To, madalla. Ashe akwai masu gida. Ina wuni?"

Kyanwar ta amsa.

"Ina gajiya?"

Ta amsa a gajarce.

"Ya gida? Ya mutanen gidan? Ya muka ji da sanyin nan?"

A kan maganar sanyi kyanwar ta ja dogon bayani, kamar wadda aka taɓo wa inda ke mata ƙaiƙayi. Inna ta ce, "Wallahi kuwa, ni ma haka na ce." 'Yata ta fashe da dariya, Hajiya ta tafa hannu. Ni kuwa na tsaya sororo, don rabon da in ji Inna ta jera magana haka tun a filin jirgi.

Farar tana kan kujera a kwance kamar matashin amarya. Kai, ta yi kyau, ko maƙiyi ya gan ta sai ya yaba. Tsohuwar ta nuna ta, ta yi magana, ni kuma na fassara ina kallon iska kamar yadda muka saba. Ta ce farar ta kallo ce, tana sanyaya zuciya. Amma tun da mijinta ya rasu, mai baƙar fuskar ce ta hana ta manta yadda muryarta take. Tana faɗa tana share ido. Inna ta dubi kwalayen, ta dubi matar, ta daɗe ba ta ɗauke kai ba.

Lokacin mai baƙar fuskar ta riga ta haye cinyar Inna. Inna ta shafa ta sau ɗaya, sannan ta yi mata magana a hankali, yadda kowa zai ji.

"Ke dai bakinki ya yi miki yawa. Gidan da za mu, mai gidan da rana yake samun barci, wahala yake sha. Ki yi haƙuri, 'yar'uwarki za a ɗauka."

Ta sauke ta ƙasa. Na ji daɗi a raina, na ce ga shi bincikena da hankalin manya sun zo ɗaya. Muka sa farar a kwandonta muka taho, kyanwar ba ta ce uffan ba har Alexandria.

Ba zan ci amanar farar nan ba, baiwar Allah ce. Ba ta taɓa ɓata kafet ba, ba ta taɓa leƙa tukunya ba. Inna ta riƙe ta kamar amana. Kullum da hantsi ta shimfiɗa tsohon zane ta taje ta tun daga wuya har wutsiya, ta jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi ta goge mata ido, sannan ta bi sallayarta tana tsince gashi. In ta ce mata "Kin tashi lafiya?" sai kyanwar ta lumshe ido. In ta ƙara, sai ta juya mata baya cikin mutunci. Gidan da ke da mai shiru ɗaya ya koma yana da biyu, jaka kuma tana nan inda take.

Hajiya ce ta zo mini da abin da Inna ta gaya mata, tana dariya har da hawaye. Wai ta tambaye ta ya baƙuwa, sai Inna ta ce, "Lafiya lau, ba ta da laifi. Da alama dai ita ma 'yar fari ce."

Na yi dariyar, amma na kwana ina juya maganar.

Ba a daɗe ba Hajiya ta sake zuwa da wani labari. Mai baƙar fuskar ta ƙi zama a Manassas. Matar gidan tana fita tun da safe, ba ta dawowa sai yamma liƙis, kyanwar ta wuni ita kaɗai tana kuka har muryarta ta dishe, ta daina cin abinci. Matar ta rasa yadda za ta yi, har tana tunanin miƙa ta gidan da ake tara dabbobin da ba su da kowa. Tana tambaya ko za mu yarda a yi musaya.

Na ce a'a tun kafin ta rufe baki, saboda barcin maigida. Ranar Lahadi muna karyawa na ba shi labarin, a matsayin abin da ya riga ya wuce. Ya ajiye kofin shayinsa, ya rage murya.

"Ke kin ɗauka barci nake yi?"

Na ce, "To me kake yi?"

"In na shigo na yi sallama, sai in ji Inna ta amsa can ƙasa-ƙasa, in ji ƙofa ta rufe. Shi ke nan. Sai in kwanta ina sauraron shirunta har yarinya ta dawo makaranta. Mutum yana gidanka kamar ba shi, ina barci zai zo? Da a ce ina jin motsinta, da tuni na yi minshari."

Ban taɓa sanin haka ba, ga shi muna kwana ɗaki ɗaya. Sai ya gyara zama, ya ɗauko muryar nan tasa ta karanta labaran duniya, ya juya wajen ƙofar ɗakin Inna.

"Ni fa gaskiya farar kyanwar nan ba ta yi mini ba. Ni mai cin abinci da magana ne, mai surutun nake so. A je a kawo mini ita."

Ya ɗora wa kansa abin gaba ɗaya, don kada Inna ta ji cewa saboda ita aka hana surukinta hutawa. Na daɗe da auren mutumin nan, amma ranar na ƙara ganin girmansa.

'Yata ta yi ɗan kukanta na rabuwa da farar, aka lallashe ta. Muka kai ta Manassas, gida shiru mai faɗi, ta sauka daga kwando ta hau kujera ta kwanta kamar can aka haife ta. Muka ɗauko ɗayar, ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Tun daga Manassas har gida take zazzaga mana abin da aka yi mata.

Tana shiga ta zagaye falo, ta leƙa kicin, ta faɗi ra'ayinta a kan komai. Sannan ta nufi ɗakin Inna, ta haye jakar nan ta tsaya a kai, ta yi kira. Ƙofa ta buɗe.

"Au, ke ce? Wa ya rame ki haka? Shigo, shigo."

Akwai halin irin Siyam da ban gani a kwamfuta ba, ko na gani ban kula ba: ba sa ƙaunar rufaffiyar ƙofa. In tana ciki aka rufe, waje take so. In tana waje, ciki take so. Washegari maigida ya dawo, Inna ta ja ƙofa kamar yadda ta saba, kyanwa ta ɗora hannu a ka, kamar yadda ake cewa. Ta yi ta kururuwa har Inna ta buɗe da sauri don kada ta tashe shi. Daga ranar ƙofar nan ba ta sake rufuwa ruf ba. Da farko tafin hannu, daga baya rabi, har ta kai Inna na zama a bakin ƙofar tana jan carbi, ƙafafunta a falo.

Sai kuma saƙonni suka fara fitowa. Ina kicin sai in ji, "Mai surutu, je ki gaya wa masu gidan nan kukarsu ta kwana biyu, miyar ba ta kauri." Kyanwa ta amsa. Ni kuma in ce, "Ki ce mata an ji, za a aiko da sabuwa." Maigida ma ya shiga layi. Ya dawo aiki ya tsaya a falo ya ce, "Mai surutu, a tambayar mana ko an ji shirinmu na yau." Daga ɗaki a ce, "Ki ce an ji. Amma wanda ya yi hira da manomin nan yana katse dattijo, ba kyau." Ya ce, "A ce mun gode, za a gyara." Shi ne fa ya yi hirar.

Inna ta kuma kafa doka cewa kyanwar ta musulunta, ta bar jin Turanci. Duk mai son ta zo, sai ya kira ta da Hausa. Kyanwar kuma, da yake Inna ce mai ba ta kan kifi, sai ta gaskata maganar. 'Yata ta yi ta kira da Turanci a banza, dole ta koma "mus-mus, zo nan". Daga zo nan aka kai ga sauka, aka kai ga bari, aka kai ga ba na son rashin kunya. Ranar da Inna ta ce mata mai ƙafar sillen kara, yarinyar ta juyo ta ce, "Ke kuma mai haƙori uku," Inna ta yi dariyar da har sai da ta yi tari. Ta ce, "Yauwa, yanzu na yi jika."

Kada a ɗauka mala'ika muka kawo gida. Ta saci kifi daga cikin mai, ta ture mini kwalbar turare, ta yage labulen falo. Maƙwabcin hagu ya ƙwanƙwasa bango har ya gaji ya bari. Maigida ya koma kwana da auduga a kunne, amma barci yake yi har da minsharin da ya yi alkawari. Inna ta fara cinye abincinta, likita ya ce jininta ya yi kyau. Sai dai jakar tana nan a bakin ƙofa, ɗaure da igiyarta, ranar tikiti kuma tana matsowa. Na kasa tambaya, domin tambayar da ba ka shirya jin amsarta ba gara ka bar ta.

Wata ranar Laraba na taso aiki da wuri. Maigida bai dawo ba, yarinya tana makaranta. Na yi sallama, aka amsa mini murya biyu. Inna tana zaune a kan tabarma a falo inda rana ke shigowa, kyanwa a cinyarta. Na wuce kicin na fara tankaɗen garin tuwo. Kicin ɗinmu ba shi da ƙofa, rabin bango ne kawai tsakaninsa da falo. Ta san ina nan, tana jin ƙarar rariyar.

"Mai surutu," in ji ta, "kina jin wannan ƙarar? Bari in ba ki labarin wata sakarya."

Kyanwa ta amsa.

"Wata yarinya ce aka yi wa aure, ta haifi 'yarta ta fari. Ba ta isa ta ɗauke ta a gaban mutane ba, ba ta isa ta yi mata wasa ba. Da aka yaye ta aka kai ta wata unguwa. To, da wane dalili za ta je? A ce ta je ganin 'ya? Abin kunya. Sai ta koma aron rariya. Ta je da safe ta aro, ta koma da yamma ta mayar. Gani biyu ke nan a rana."

Hannuna ya tsaya.

"Rariya biyu gare ta a ɗaki, mai surutu, sababbi, na kayan aurenta. A ƙarƙashin gado ta ɓoye su. Tsohuwar gidan ma ta sani, mitar da take yi rufin asiri ne, Allah ya jiƙanta. Shekarar da 'yar tata ta yi ƙyanda, unguwa har tambaya ake yi, wai me matar nan take tankaɗewa haka."

Kyanwar ta yi wata 'yar ƙara, Inna ta shafa ta.

"Da aka ce in zo ƙasar nan, na ce to, na huta da aro. Sai na tarar ga ta kusa, bango ɗaya tsakaninmu, amma babu abin da zan ara. Na ce gara in koma inda nisa zai zama dalili." Ta gyara wa kyanwar zama a cinyarta. "Yanzu dai ki je ki ce mata ta kawar da jakar nan daga bakin ƙofa. Tana tare mini hanya."

Hawaye suna zuba a cikin garin, na kasa ko matsar da kwanon. Ina son in fita in faɗa jikinta, amma na san in na yi haka na ɓata mata abin da ta gina da kyau. Na share fuska da bayan hannu, na yi gyaran murya.

"Mai surutu, ki ce mata na ji, yanzu zan kawar." Na ajiye rariyar. "Ki kuma ce mata, rariyar gidan kakata ba ɓata take yi ba. Ni nake ɓoye ta a bayan randa, don ta daɗe a tsaye ana nema."

Can na ji Inna ta ja numfashi, ta yi wata dariya da ba ta gama zama dariya ba.

"Kin ji ko? Ashe ɓarauniyar tana cikin gida."

Na leƙo ta saman bangon. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa.

Ranar na kwance igiyar na mayar da kayanta cikin durowa. Jakar da ta zama fanko kyanwa ta shige ta mayar da ita gadonta, ba wanda ya hana ta.

Inna ta yi shekaru tare da mu bayan wannan, ta ga jikarta ta gama sakandare, har tana yi mata tsiyar samari da Hausa ana rama mata. Ƙodar ta riƙe ta fiye da yadda likita ya zata. A nan Virginia Allah ya karɓi abarsa, a nan muka binne ta. Har ta koma ba ta faɗi sunana ba, ni ma ban nema ba.

Mai surutu ta tsufa a hannuna, baƙin fuskarta ya fara furfura, muryar ta ƙara kauri. In na dawo daga aiki na yi sallama, takan taso daga cikin jakar ta amsa. Sai in ajiye mabuɗi, in zauna a bakin ƙofar ɗakin nan, in ce, "Ki ce mata yarinyar ta samu aiki. Ki ce mata an aiko da sabuwar kuka." Ban san ko tana isarwa ba. Amma ko sau ɗaya ba ta bar maganata ta faɗi ƙasa ba.